Luke O'Neill da neman hanyar rage kumburi ba tare da karya garkuwar jiki ba

Duk wanda ya taɓa yin maruru ya san kumburi: wurin ya yi ja, ya tasa, ya ɗauki zafi, ya riƙa zogi. Tun ƙarni na farko na miladiyya marubucin Rum Celsus ya lissafa waɗannan alamomi huɗu. Abin da ido ke gani a nan aikin garkuwar jiki ne. Jijiyoyin jini sun buɗe, fararen ƙwayoyin jini sun yi dafifi a wurin, suna kashe ƙwayoyin cuta, suna kwashe abin da ya lalace. In aiki ya ƙare sai komai ya lafa. Ciwo na farawa ne idan abin ya ƙi lafawa, ko ya tashi a inda babu abokin gaba. Irin wannan kumburin ne ke cin gaɓɓan mai amosanin gaɓɓai, yana da hannu a toshewar jijiyoyin zuciya, kuma ana ganin sawunsa a ciwon suga da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa.

Likitoci sun daɗe da magungunan danne kumburi, amma masu ƙarfi daga cikinsu suna danne garkuwar jiki gaba ɗaya, sai majinyaci ya samu sauƙin gaɓɓansa, tarin fuka ko wata cutar ta samu ƙofa. Wannan nazari ya bi aikin masani ɗaya, Luke O'Neill, farfesan kimiyyar sinadaran jiki a Kwalejin Trinity da ke Dublin a ƙasar Ailan, wanda ya kwashe fiye da shekara 30 yana neman daidai inda za a taɓa, kumburi ya sauka, garkuwa ta tsaya da ƙafarta.

Furotin ɗaya da ya riƙe

An haifi O'Neill a 1964, ya tashi a garin Bray da ke kudu da Dublin. Ya gama digirin farko a Trinity a 1985, ya wuce Jami'ar Landan ya yi digirin digirgir a fannin nazarin magunguna, ya kammala a 1988. Aikin digirin nasa a kan ƙwayoyin jiki ne da ke shimfiɗe a cikin gaɓar ɗan Adam. Ana raya su a faranti, a zuba musu wani furotin mai suna IL-1, sai su fara fitar da sinadarin da ke jawo zogi da zafi, wanda asfirin ke hana samuwarsa. IL-1 saƙo ne da ƙwayoyin garkuwa ke aikawa. Shi ne Charles Dinarello ya tace a Amurka a matsayin abin da ke kawo zazzaɓi daga cikin jiki, kuma a 1984 aka gano ƙwayar gadon da ke samar da shi. Tambayar da ta kama O'Neill ita ce: idan saƙon ya iso fatar ƙwayar jiki, ta wace hanya yake kaiwa ciki har ya kunna ƙwayoyin gado? Ya ci gaba da binta a ɗakin bincike na Strangeways da ke Cambridge, sannan ya koma Trinity a 1991.

A shekarar da ya koma, Nick Gay da Fionna Keith suka nuna wani abin mamaki: ɓangaren ciki na makarɓar IL-1, wato furotin da ke karɓar saƙon a fatar ƙwayar jiki, ya yi kama da na wani furotin na ƙudan 'ya'yan itace mai suna Toll, wanda a lokacin ba a san shi da komai ba sai tsara ciki da bayan ɗan tayin ƙuda. Dalilin wannan kama ya fito a hankali. A 1996 ɗakin binciken Jules Hoffmann a Faransa ya nuna cewa ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace, naman gwari na cinye shi. A 1997 Ruslan Medzhitov da Charles Janeway suka bayyana ɗan'uwan Toll a jikin mutum. A 1998 Bruce Beutler ya tabbatar cewa wannan ɗan'uwan Toll, mai suna TLR4, shi ne ke gane LPS, wato gubar da ke jikin bangon wasu bakteriya. Hoffmann da Beutler sun samu kyautar Nobel a 2011 a kan wannan. Sai ga O'Neill, wanda ya riga ya san hanyoyin IL-1 ciki da waje, a tsakiyar sabon fage, domin makarɓan Toll da na IL-1 hanya ɗaya suke bi zuwa cikin ƙwayar jiki.

Ɗakin binciken O'Neill ya yi abubuwa biyu da suka fito da sunansa. A 2000, tare da Andrew Bowie, suka nuna cewa bairos ɗin da ake rigakafin agana da shi yana ƙera furotin biyu, A46R da A52R, masu toshe wannan hanya. Idan bairos ya ɗauki nauyin ƙera makamin toshe wata hanya, to hanyar tana cutar da shi ke nan. A 2001 kuma, a aikin da Kate Fitzgerald ta jagoranta, suka gano furotin da suka kira Mal, wanda ke haɗa TLR4 da sauran masu isar da saƙo a ciki. Ɗakin Medzhitov ya gano shi a shekarar, ya sa masa suna TIRAP.

Daga Mal ne aka samu darasin da, a ganina, ya haska duk abin da ya biyo baya. A 2007 ƙungiyar Adrian Hill ta Oxford, tare da O'Neill, ta duba wani ɗan bambanci a ƙwayar gadon Mal, mai suna S180L, a jikin mutum fiye da 6,000 daga Birtaniya da Biyetnam da wasu ƙasashen Afirka. Bambancin yana rage ƙarfin saƙon. Mutum yana gadon kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Binciken ya nuna cewa masu kwafi ɗaya na wannan bambanci sun fi samun kariya daga mummunar cutar huhu ta numoniya, da shigar bakteriya cikin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da tarin fuka. Fassarar da suka yi ita ce matsakaicin martani ya fi tsananin martani amfani: ya isa ya kashe cuta, bai kai ya hallaka mai jikin ba. Wajibi ne a faɗi cewa wani bincike a 2008 bai ga wannan kariya ba a ɓangaren tarin fuka, don haka hujjar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba. Amma tunanin ya zauna.

Kamfaninsa na farko, Opsona, wanda ya kafa da abokan aikinsa na Trinity a 2004, ya ƙera maganin toshe TLR2, wata makarɓa 'yar'uwar TLR4. An gwada shi a jikin mutane, bai kai kasuwa ba.

Maganin da aka jingine

Nau'in IL-1 da ake kira IL-1β ba ya fita daga ƙwayar jiki kai tsaye. Al'amarinsa kamar bindiga ne: akwai ɗurawa, akwai harbawa. Saƙon farko, misali LPS ta hanyar TLR4, yana sa ƙwayar ta ƙera IL-1β a siffar da ba ta aiki, ta tara. Sai saƙo na biyu ya zo, wasu furotin su taru su dunƙule wuri guda, su kunna wani mai yanka da ake kira kasfes-1, shi kuma ya yanke IL-1β ya zama mai aiki, ƙwayar ta fashe ya fita. Jürg Tschopp da abokan aikinsa a Lausanne ta Suwizalan ne suka bayyana wannan dunƙule a 2002, suka kira shi inflamasom. Yana da nau'o'i, amma wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne NLRP3, saboda ba ƙwayoyin cuta kaɗai ke tayar da shi ba. A 2006 aka nuna cewa tsakuwoyin sinadarin yurik da ke taruwa a gaɓar mai ciwon gawut suna kunna shi. A 2008 aka ga haka da dunƙulen furotin da ke ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, a 2010 da tsakuwoyin kolestarol na bangon jijiyoyin jini. A 2010 ɗin ɗakin O'Neill, ta hannun Seth Masters, ya ƙara da dunƙulen furotin da ke taruwa a saifar suga, wato gaɓar da ke samar da insulin, ta masu ciwon suga nau'i na biyu.

Akwai kuma wata cutar gado da ba kasafai ake ganinta ba, CAPS, wadda Hal Hoffman ya danganta da lalacewar ƙwayar gadon NLRP3 a 2001. Masu ita inflamasom ɗinsu na tashi ba dalili. A mai sauƙinta, ɗan sanyi kawai ya isa ya kawo ƙuraje da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai. A mai tsanani, yaro na iya kurmancewa, kumburin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Allurar toshe IL-1 tana sauya rayuwar waɗannan yara, kuma wannan ne ya tabbatar wa kowa cewa hanyar gaskiya ce a jikin mutum, ba a jikin ɓera kaɗai ba.

Tun kafin a san inflamasom, masu bincike a kamfanin Pfizer sun lura cewa wasu sinadarai 'yan'uwan wani tsohon maganin ciwon suga suna hana IL-1β fita. Sun wallafa hakan a 2001, ba tare da sanin abin da sinadaran ke kamawa ba. An kai ɗaya daga ciki gwajin masu amosanin gaɓɓai, aka dakatar, kuma abin da aka ruwaito shi ne an ga alamun yana taɓa hanta. Aka jingine shi.

Rebecca Coll, ɗalibar digirin digirgir a ɗakin O'Neill, ita ta ɗauko wannan sinadari ta tambayi abin da yake yi. Gwajin da ake yi a nan ba shi da sarƙaƙiya, kuma yana da kyau mai karatu ya gan shi. Ana ɗebo ɓargon ƙashin ɓera, a raya shi kusan mako guda har ya zama makirofaj, manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye ƙwayoyin cuta. A zuba musu LPS na 'yan awoyi. A sa maganin, a ɗan jira, sannan a zuba abin da ke kunna NLRP3. Daga nan a tsotse ruwan da ke saman farantin a auna abu biyu: IL-1β da wani saƙon kumburi mai suna TNF. Idan duka biyun suka faɗi, to maganin guba ne kawai ko kuma yana danne komai. Abin da aka gani shi ne IL-1β ya faɗi warwas da ɗan ƙanƙanin magani, TNF kuwa bai motsa ba. Da aka sauya abin kunnawa zuwa bakteriyar salmonela, wadda ke bi ta wani inflamasom mai suna NLRC4, ko DNA da ke bi ta AIM2, sai IL-1β ya fito yadda ya saba.

Wannan sakamako na biyu shi ne zuciyar al'amarin. Maganin ya rufe ƙofa ɗaya ce tak, ya bar sauran a buɗe domin ranar da cuta za ta zo. Masana haɗa magunguna na Jami'ar Queensland a Ostireliya, ƙarƙashin Matt Cooper, su suka haɗa sinadarin da sunan MCC950, aka wallafa aikin tare a 2015. A ciki an nuna ya rage tsananin cutar da ake haddasa wa ɓeraye mai kama da cutar lalacewar rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ya ceci jariran ɓeraye masu CAPS da a da suke mutuwa cikin kwanaki, ya kuma yi aiki a ƙwayoyin jinin majinyata masu nau'in CAPS da ake kira Muckle-Wells. Sai a 2019 aka tabbatar cewa jikin NLRP3 ɗin kansa yake mannewa, ya hana shi sarrafa ATP, sinadarin kuzarin ƙwayar jiki, da yake buƙata kafin ya buɗe.

Ana cikin haka sai sakamakon wani babban gwaji ya fito a 2017, wanda ba na O'Neill ba ne amma ya shafi aikinsa kai tsaye. Paul Ridker na Boston ya jagoranci gwajin CANTOS a kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya kuma jininsu ke nuna alamar kumburi. Aka riƙa yi wa wasu allurar kanakinumab, mai toshe IL-1β, duk wata uku. A matakin miligiram 150, haɗarin sake bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ta dalilin zuciya ya ragu da kashi 15 cikin ɗari, alhali kolestarol bai sauka ba. Karo na farko ke nan da babban gwaji ya nuna cewa rage kumburi shi kaɗai na kare zuciya. Amma waɗanda suka mutu ta dalilin kamuwa da ƙwayoyin cuta sun fi yawa a cikin masu karɓar allurar, kuma hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince a yi amfani da ita don ciwon zuciya ba. Gwajin ya nuna amfanin da kuma farashinsa a lokaci guda, ya kuma ƙarfafa hujjar masu cewa a koma tushe a toshe NLRP3 kawai. Ga shi kuma ƙaramin sinadari ana iya haɗiyarsa a ƙwaya maimakon allura, ana iya tsara shi ya ratsa zuwa ƙwaƙwalwa.

O'Neill da Cooper sun kafa kamfanin Inflazome a 2016 domin ƙera sababbin sinadarai masu aikin MCC950 ba tare da matsalarsa ba. Ba su kaɗai ba ne a tseren: a 2019 kamfanin magunguna na Novartis ya sayi wani kamfani mai irin wannan aiki, IFM Tre, da dala miliyan 310 a biyan farko. A watan Satumba na 2020 kamfanin magunguna na Roche ya sayi Inflazome da Yuro miliyan 380 a biyan farko, da alƙawarin ƙari idan magungunan suka tsallake matakai na gaba. Jaridun Ailan sun yi ta yayata adadin, kuma ba laifi, domin aikin jami'a ne ya haifar da shi. Sai dai ina ganin a nan ne mai nazari ya kamata ya yi hattara. A lokacin cinikin, sinadarai biyu na kamfanin matakin farko na gwajin mutane kawai suka gama, matakin da ke duba ko magani na da illa. Abin da Roche ya saya dama ce mai ƙarfi. Tabbacin warkarwa kuwa sai manyan gwaje-gwaje, kuma tarihin Opsona da na sinadarin Pfizer ya isa ya nuna yawan magungunan da ke tsayawa a hanya.

Abin da ƙwayar garkuwa ke ci

Juyi mafi girma a aikinsa ya faro ne daga wani ɗan gwaji. An san tun shekarun 1920, daga aikin Otto Warburg, cewa ƙwayoyin kansa na zuƙar sukari suna ƙona shi rabi da rabi ko da akwai iskar oksijin. An kuma san makirofaj da ta fusata tana yin haka. Yawancin masana sun ɗauka neman kuzari ne kawai. Ɗakin O'Neill ya zuba wa makirofaj wani sinadari mai hana sarrafa sukari, sannan ya sa LPS. Da a ce batun kuzari ne, da duk saƙonnin sun ragu. Sai IL-1β ya ragu, TNF ya tsaya. Ma'ana sarrafa abinci yana zaɓar saƙon da za a aika.

Gillian Tannahill ta bi sawun, aka wallafa a 2013. A cikin maitokondiriya, inda ƙwayar jiki ke samar da kuzari, akwai jerin matakai da ake kira zagayen Krebs, wanda kowane ɗalibin kimiyyar sinadaran jiki ke haddacewa don jarrabawa. Ɗaya daga cikin sinadaran zagayen, saksinet, yana taruwa sosai a makirofaj da ta haɗu da LPS. Taruwarsa na hana rushe wani furotin mai suna HIF-1α, shi kuma ya je ya kunna ƙwayar gadon IL-1β. Abin da ake ɗauka matattakala ce kawai a hanyar samar da kuzari, ashe shi ma saƙo ne. A 2016 Evanna Mills, tare da ɗakin Mike Murphy na Cambridge, ta nuna cewa maitokondiriyar irin wannan makirofaj tana rage samar da kuzari, ta koma ƙona saksinet ta hanyar da ke fitar da sinadaran oksijin masu ɓarna, waɗanda ke ƙara iza kumburin.

To idan zagayen Krebs na samar da mai izawa, yana samar da mai kwantarwa? Amsar ita ce itakonet. Masana'antu sun daɗe suna samar da shi daga naman gwari domin yin roba da fenti, ba wanda ya zaci yana da aiki a jikin dabbobi sai a 2011 da aka gano makirofaj na ƙera shi. A 2013 masu bincike a Luksambag suka gano furotin da ke ƙera shi, suka nuna yana hana wasu bakteriya girma, har da ta tarin fuka. A 2016 ɗakin Maxim Artyomov a Amurka ya nuna yana hana ƙona saksinet. Gudummawar ɗakin O'Neill ta zo a 2018: itakonet na mannewa a jikin wani furotin mai suna KEAP1, wanda hakan ke sakin Nrf2, babban mai kunna ƙwayoyin gadon da ke kare ƙwayar jiki da kwantar da kumburi. Da suka ba ɓeraye wani nau'insa da aka gyara don ya iya shiga ƙwayar jiki, sai suka fi jure LPS mai kisa. Makirofaj ɗin da ta tayar da kumburi, ita ce bayan 'yan awoyi ke ƙera abin da zai sauke shi.

Wannan aiki ya sha suka mai ma'ana. A 2020 ɗakin Artyomov ya nuna cewa nau'o'in itakonet da aka gyara a ɗakin bincike ba sa yin daidai abin da na asali ke yi, wasu ma ba sa komawa itakonet a cikin ƙwayar. Don haka duk sakamakon da aka samu da su sai an sake gwada shi a ɓerayen da ba sa iya ƙera itakonet kafin a ce aikin jiki ne. Ga kuma tazarar da ke tsakanin ɓera da mutum, wadda ta sha kayar da magunguna a fagen kumburi. Duk da haka akwai dalilin sa rai: dimetil fumaret, wanda aka gyara daga wani sinadarin zagayen Krebs kuma yake kunna Nrf2, Amurka ta amince da shi tun 2013 ga masu cutar lalacewar rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A kan wannan fage O'Neill da wasu masana suka kafa kamfanin Sitryx a Oxford a 2018.

An zaɓi O'Neill cikin Royal Society ta Landan, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya, a 2016, kuma lokacin annobar korona muryarsa ta zama sananniya a gidan rediyon Newstalk, inda yake yi wa jama'ar Ailan bayanin rigakafi. Abin da na fi ba muhimmanci a tarihinsa shi ne ɗalibai da matasan masu binciken da ya horar: Fitzgerald, Bowie, Masters, Coll da Mills duk sun buɗe ɗakunan bincike nasu, kuma sunayensu ne a sahun gaba na takardun da suka ɗaukaka shi.

A 2020 rassan aikin biyu suka haɗu. Alexander Hooftman, daga ɗakin O'Neill, ya nuna cewa itakonet da nau'insa da aka gyara suna hana NLRP3 tashi, kuma nau'in da aka gyara ya rage fitar IL-1β a ƙwayoyin jinin masu CAPS. Wato jiki na da nasa abin da ke yin aikin da aka nema daga MCC950. Gwajin da ke gaban masu toshe NLRP3 yanzu irin na CANTOS ne: dubban majinyata, shekaru suna shan magani, ana auna hantarsu, ana ƙirga bugun zuciyar da aka kauce wa a gefe ɗaya, da waɗanda cutar huhu ko gubar jini ta kwantar a ɗaya gefen.